Tsatsa a silinda, kabon a kan fistin: me za ka saya kafin a haɗa injin?

Duk wanda ya taɓa sayen inji ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya san yadda ake yi. Waje fes, an wanke shi yana sheƙi, sai an ɗage kan silinda sannan ido ya ga gaskiya. Injin da ya daɗe a ajiye, ko damina ta same shi ramin fulogi a buɗe, tsatsa ce ke kama bangon silindarsa. Kan fistin da ramukan ringi kuwa kabon ne ke daskarewa, wato ƙonannen fetur da baƙin mai na shekara da shekaru. Ciwo biyu ne, ƙarfen ma biyu ne: bangon silinda yawanci ƙarfen zubi ne, fistin kuma alminiyom. Asarar da na fi gani a gareji daga nan take tasowa, a sayo magani guda a ce ya yi wa duka.

Mu fara da fistin. Kananzir ko gas, wato dizal, suna cire kabon, kuma ba sa cin ƙarfe. Sai dai suna son haƙuri, a jiƙa kwana ɗaya ko biyu sannan a kankare da katako ko roba mai tauri. Maganin fesa kafireto na gwangwani ya fi su sauri wajen narkar da kabon, amma yana bushewa nan take, ga shi fistin huɗu sai su cinye gwangwani fiye da ɗaya. Ni haɗa su nake yi: kananzir ya yi babban aikin, gwangwani ya ƙarasa lunguna. Fetur dai a bar shi, duk da shi yaran gareji suka fi sabawa da shi. Ba ya fin kananzir aiki a kan busasshen kabon, kuma tartsatsi ɗaya daga mai walda na maƙwabta ya isa.

Abin da nake roƙon ka da Allah kada ka saya wa fistin shi ne soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Tana cire kabon, babu musu, shi ya sa take ruɗin mutane. Amma tana cin alminiyom. Na taɓa ganin an tsoma fistin a ruwanta yana ta tafasa da kumfa, aka ciro shi ya yi toka-toka, ramukan ringi sun buɗe. Ringi ya riƙa rawa a ciki, dole aka sayo sabo. Ruwan batir ma haka, bai da wurin zama a wannan aiki. Buroshin waya da ake ɗaurawa a inji shi ma yana karce gefen fistin. Don ramukan ringi ba sai ka kashe ko sisi ba, karya tsohon ringi ka bi ramin da shi a hankali, kabon kake cirewa ba ƙarfe ba. Sannan ka zura siririyar waya a ƙananan hujojin da ke ramin ringin mai, don in sun toshe injin zai ci gaba da shan mai.

Silinda kuwa, kafin ka sa hannu a aljihu, sa farce. Goge bangon da tsumma mai kananzir, ka ja farcenka a kai. Idan tsatsar ja ce kawai a sama, farce na wucewa sumul, to maganin fesa tsatsa na gwangwani irin WD-40 ko gas da soso mai laushi irin Scotch-Brite za su ɗauke ta. Daga nan a bi da honin, wato duwatsun nan uku da ake ɗaurawa a dirila, ana sama da ƙasa da su cikin mai har zane ya fito a gicciye. Wannan zanen shi ke riƙe mai ya kuma zaunar da sabon ringi. Samfefa da yatsa ba ta maye gurbinsa, domin hannu ba ya cin bango daidai wa daida. Magungunan tsatsa masu asid suna cire jan, amma ramin da tsatsa ta haƙa yana nan.

Idan farce ya maƙale a rami, ko ka ji tudu a saman silinda inda ringi ke tsayawa, to maganar gwangwani ta ƙare. Kai bulok, wato gangar injin da silinda ke ciki, wurin mai borin ya auna. Zai faɗa maka ko a faɗaɗa ramin da 0.25 ko 0.50 na milimita, waɗanda wasu ke kira 010 da 020, a sa fistin da ringi na wannan awon, ko kuma a buga sabon silif, wato bututun ƙarfen da ke zama sabon bangon silinda. Ka sayi fistin tukuna ka kai masa, don da shi zai daidaita ramin. In ya ce maka, "Alhaji, wannan honin ba zai ɗauke shi ba," ka saurare shi. Masu babur da adaidaita sahu kuma, tunda silinda ɗaya ce, su tambayi kuɗin sabon bulok da fistinsa a haɗe su gwada da kuɗin borin kafin su yanke shawara.

Sauran kayan da za ka riƙo ba su da tsada: alƙalamin maka don sa wa kowane fistin lambar raminsa da gefen da ke kallon gaba, garin sabulu, farin tsumma, da baƙin mai. Bayan honin ko borin, a wanke silinda da ruwan zafi da sabulu, don kananzir kaɗai ba ya fitar da garin dutsen. A yi ta gogawa har farin tsumma ya fito ba baƙi. A busar, a shafa mai nan take tun kafin sabuwar tsatsa ta hau. Idan ba ranar za a haɗa ba, a naɗe bulok da leda, musamman lokacin hunturu da ƙurar Kano ke shiga ko'ina.