Ƙotar wuƙa: abin da na gani wurin mahautan Faransa

Assalamu alaikum Yaya, tare da sauran 'yan uwa mahautan Damagaram, daga Birni har Zango. Ya kasuwa, ya iyali? Kun sha tambayata ko wuƙar Turawa ta fi tamu ci. Ƙarfensu dai ba ya tsatsa, amma wajen kaifi, wuƙar da maƙerinmu ya ƙera da sifirin mota ba ta jin kunyar kowace. Inda suka yi mana nisa shi ne ƙota.

A gida in mutum zai sayi wuƙa a Kasuwar Dole, baki yake dubawa. Ya gwada a farce, ya aske gashin hannu, ya biya. Ƙota kuwa in tana sheƙi shi ke nan. A nan inda nake aikin raba nama da ƙashi, sai mutum ya damƙi ƙota ya ji zamanta a tafinsa kafin ya kalli baki, domin mummunan rauni a sana'ar nan yakan zo ne lokacin da tsinin wuƙa ya ci karo da ƙashi, wuƙar ta tsaya, hannu kuma ya zarce kan kaifi. Yaya, ka san mutane nawa a layinmu yatsunsu ba sa lanƙwasuwa saboda haka.

Hannun da ya bushe ƙayau, irin na lokacin hunturu, ba ya kama abu mai sulɓi, shi ya sa manomi ke tofa yawu a tafi kafin ya ɗauki hauya. Ɗan danshi yana ƙara kamu. In ruwan ya yi yawa sai ya shimfiɗu tsakanin fata da ƙota, santsi ya dawo. Kitse ya fi su duka sharri, don ruwa yana goguwa, maiƙo kuwa mannewa yake, kuma ɗumin hannu yana ƙara narkar da shi. Amfanin kaushi a ƙota shi ne ya ba ruwa da jini hanyar gudu, fata ta samu tudun da za ta kama, kamar zanen tayar mota a kan jiƙaƙƙen titi.

Wuƙar da ta fi yawa a hannunmu ita ce Victorinox ta ƙasar Suwizalan, mai ƙotar da suke kira Fibrox, sai F. Dick ta Jamus. Fibrox ɗin wata irin roba ce mai ɗan taushi, an yi mata kaushi ƙanana ƙanana, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Da busasshen hannu ba za ka ga abin yabo ba. Sai hannu ya jiƙe da jini za ka gane kuɗinka bai tafi banza ba. Ga kuma wani tudu da aka bari a gabanta, inda ɗan ali yake tokarewa. Ni a ganina tudun nan ya fi kaushin ma muhimmanci, don in kitse ya yi yawa babu kaushin da ba ya gazawa, tudun ne kaɗai ke tare hannu. Farashinta Yuro 20 zuwa 30, wato jaka 13 zuwa 20 na sefa. Da tsada a lissafinmu, amma bai kai kuɗin ɗinkin jijiyar yatsa da zaman gida ba.

Baƙar ƙotar nan mai sulɓi da ƙusa uku, wadda ake gani a wuƙaƙen kicin masu tsada, daɗin riƙo gare ta in hannu a bushe yake, in ya yi maiƙo kuwa ba ta da amana. Mai ƙotar ƙarfe zalla, irin Global ta Japan, an yi mata 'yan ramuka, amma ba zan ba mai fiɗa ita ba.

Ƙotar da ta fi burge ni ita ce Micarta, da kamfanin Westinghouse na Amurka ya fara yi wajen 1910. Ƙyalle ne ake jerawa ninki ninki, a jiƙa shi da wani irin ƙaro, a matse har ya taurare. In aka goge ta aka bar zaren a waje, da ta jiƙe sai ta ƙara kama hannu. G10 kuwa zaren gilashi ne, ba ta shan ruwa sam, kamunta duk daga zanen da aka sassaƙa mata yake. In zanen ya yi zurfi, wuni guda na aiki ya isa ya tayar maka da bororo. Mafarauta ke sonta, mu masu yanka tun asuba ba ta yi mana ba.

Itace ma yana nan. Opinel, wuƙa mai naɗewa da ake yi a yankin Savoie na Faransa tun 1890, ƙotar itace gare ta, in ta sha ruwa sai ta kumbura har buɗe ta ya yi wuya. A wurin aikinmu ba a shigo da mai ƙotar itace. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta ce a tanadi ruwan zafi da bai gaza digiri 82 ba don tsarkake wuƙa, itace kuma ba ya jure wannan kullum, yana tsagewa jini ya maƙale ciki. Ɗakin aikin sanyi gare shi, ba ya wuce digiri 12, ɗaya hannun kuma yana cikin safar sarƙar ƙarfe, dole ne.

Wajen gyara kuwa gida ya fi. A nan in ƙotar roba ta lalace an yar da wuƙar ke nan, babu mai sake mata wata. A Damagaram maƙeri zai dubi girman tafinka ya fafe maka ƙota daidai kai, ya wasa maka kana tsaye. Wannan gatan ba na jin mun san darajarsa. Kirya da aduwa da muke da su, in ba a shafa musu fenti mai sheƙi ba, suna kama jiƙaƙƙen hannu sosai, don ruwa yana tayar da gashin itacen. Mu ne muke lalata su da gogewa har su yi sulɓi don su burge mai saye. Ƙotar da dukawa suka naɗe da jar fata ado ce, ta dace da ɗamara, amma a mayanka tana shan jini ta yi yauƙi ta yi wari. Robar cikin taya da yara ke naɗawa tana taimakawa a ruwa, sai dai kitse yana cinye ta, ƙazanta kuma tana taruwa a ƙarƙashinta inda sabulu ba ya kaiwa, ga nama na mutane muke taɓawa.

Roƙona, Yaya, kafin Sallar Layya ka je wurin maƙerinmu. Ya yi maka ƙota da kirya, kada ya shafa mata komai, ya bi ta da magagari ya yi mata tsaga marasa zurfi masu giciye juna, ya bar tudu a inda ƙota ta haɗu da baki, ko da faɗin yatsa ne. Ka ba yaran da ke fiɗa su fara gwadawa, su ne hannunsu ya fi shan kitse. Zan aiko da Fibrox ɗaya in na samu mai zuwa, ka haɗa su aiki a zafin watan Afrilu lokacin da gumi ke zuba, ka gaya mini wadda ta fi zama a hannu.