Mikro-ond, gril ko zafin iska: wanne za a danna wa wane abinci?

Adda, kin yi tambaya a kan na'urar dafa abinci da aka kawo miki daga Duwala, mai maɓallai huɗu: Micro-ondes, Gril, Chaleur tournante (wato zafin iska) da Combiné (wato haɗe-haɗe). Kin ce ɗumame kaɗai kike yi da ita, kina son sanin bambancinsu, da kuma ko za ta hutar da ke daga gas da gawayi a nan Garwa. Gaskiya na ji ba daɗi, domin kin bar mafi yawan amfaninta a kwance.

Mu fara da biyun da suka fi nisa da juna, mikro-ond da zafin iska. Mikro-ond ba wuta yake hurawa ba. Igiyoyin lantarki yake aikawa, su ratsa abinci kamar santimita 2, su zafafa ruwan da ke jikinsa, daga nan zafin ya bi a hankali zuwa tsakiya. Muddin akwai ruwa a abu, zafinsa ba ya wuce digiri 100 da wani abin kirki, alhali nama ba ya yin ja da ƙamshin gashi sai bayansa ya kai wajen digiri 140. Shi ya sa kazar da aka dafa da shi kaɗai take fitowa fari fat, ta nuna amma ba ta ba da sha'awa. Chaleur tournante kuwa ƙarfe ne ke yin zafi, fanka ta zagaya da iskar, har digiri 200 ko fiye. Daga waje yake gasawa zuwa ciki, yana ba da launi, amma sai kin ba shi wajen minti 10 ya ɗau zafi kafin ki sa komai.

Don haka duk abin da ke son laima na mikro-ond ne. Tuwon dawa ko na masara da ya kwana a firigo, ki cire shi daga leda, ki yayyanka, ki yayyafa ruwa, ki rufe, minti 2 zuwa 3 ya isa faranti guda. Idan kika sa malmala sukutum, gefe zai ƙona hannu, tsakiya na nan da sanyinta. Miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa, ki tsayar a rabin lokaci ki juya, in ya tsaya kuma ki bar ta minti guda zafin ya daidaita. Shinkafa ma haka. Burodin jiya dai kada ki kai shi can: zai yi taushi na ɗan lokaci, yana hucewa ya ƙandare. Ki shafa masa ruwa kaɗan, ki ba shi zafin iska digiri 180 na 'yan mintuna, ɓawonsa zai dawo.

Tsakanin gril da zafin iska maganar kauri ce. Gril daga sama kawai yake dukan abinci, sai ya dace da abu mara kauri wanda za a juya: tsire, yankakken nama, karfasa da aka tsattsaga. Kek, biskit da suyar gyaɗa na iska ne, don suna son zafi ta kowane gefe.

Combiné shi ne dalilin da ya sa na'urar ta fi mai ɗumame zalla tsada. Mikro-ond na nunar da ciki, gril ko iska na gasa waje, a aiki guda. Kaza mai kilo 1 da rabi da za ta ci fiye da awa guda a zafin iska, a nan takan gama cikin minti 40 zuwa 45, gwargwadon ƙarfin na'urar. Manyan gunduwoyin giwan ruwa na madatsar Lagdo, da dankali mai ɓawo, duk nan ne wurinsu. Zabo da kazar gida ba su da kitse, suna saurin bushewa, sai ki shafe su da man gyaɗa da yaji tun da wuri, ki juya su a tsakiyar gashi. Kafin ki sauke ki soka wuƙa a cinya kusa da ƙashi. In kin ga ruwa mai jini-jini, da saura. Ni dai ba na sa kek a Combiné, domin yakan bushe kafin samansa ya yi kyau.

Inda nake so ki fi kula, Adda, shi ne mazubi. Samira, langa, tukunyar silba da farantin da ke da zanen zinariya a baki, duk akwai ƙarfe, kuma ƙarfe na tartsatsi a mikro-ond da Combiné. Roba kuma, ko wadda aka rubuta ta dace da ɗumame, narkewa za ta yi a gril, iska da Combiné. Abin da ke shiga ko'ina shi ne gilashi mai jure zafi irin Pyrex. Ragar ƙarfen da ta zo tare da na'urar, ki duba takardarta ki ga inda aka yarda a sa ta. Ƙwai da ɓawonsa kuwa fashewa yake yi a mikro-ond, ki ja wa yara kunne.

Sai batun wuta. Wat 800 ko 900 da aka rubuta a jiki ƙarfin da ke shiga abinci ne. Abin da take ja daga bango yakan kai wajen 1,300, zafin iska da Combiné kuma a yawancinsu sukan kusanci 2,000 ko su wuce. Ɗumamen minti 3 bai kai kashi ɗaya cikin goma na kilowat-awa ba, gashin kaza kuwa yakan lashe wajen kilowat-awa guda. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba, kuma ki ba ta soket nata ita kaɗai, ban da siririyar wayar jone. Da rani, in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya wuta ta fara yankewa, ki yi lissafi kafin ki kwaɓa kek, don in ta ɗauke yana tsakiyar tashi, faɗawa zai yi.

Gas da gawayi fa? Ba za ta kore su ba. A mikro-ond in kin ninka abinci, lokacin ma kusan ninkuwa yake, saboda haka tuwon mutum goma, wake, ganda da miyar gida duk na tukunya ne. Ƙamshin hayaƙin gawayi a jikin nama ma babu maɓallin da ke ba da shi. Inda ta yi musu zarra shi ne faranti ɗaya ko biyu, ɗumamen sahur, da zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40: ta ɗumama abinci ba tare da ta ƙara wa kicin zafi ba.

Bayan kowane gashi ki jira ta huce, ki goge maiƙon ciki da tsumma mai laima, musamman ɗan allon da ke manne a bangonta, inda igiyoyin ke fitowa. In maiƙo ya taru a kansa ya ƙone, tartsatsi zai riƙa yi ko babu ƙarfe a ciki.