Kalandar da na haɗa wa Kawu da Scribus

Kawuna tela ne a unguwar Zango, cikin Damagaram. Duk ƙarshen shekara yakan sayi kalanda a Kasuwar Dole ya rataya a bangon shago, amma kullum sai ya yi ƙorafi: Lahadi ce aka shafa wa ja, Juma'a tana nan kamar kowace rana, kwanan watan Musulunci kuwa ko babu shi, ko an rubuta shi ƙanana har sai mutum ya ɗauko tabarau. Bana ya ce mini, "Ɗana, tunda ka iya kwamfuta, ka yi mana tamu." Da Scribus, manhajar tsara shafukan bugawa, na yi aikin.

Na zaɓe ta ne don kyauta ce, kuma idan ka sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman intanet. Wanda ya san yadda layi ke yankewa a Damagaram ya san darajar wannan. A cikinta akwai wani ɗan mataimaki mai suna Calendar Wizard. Ka ba shi shekara, ka faɗi ranar da mako zai fara, ka zaɓi watanni, nan take ya jera maka gidajen kwanaki. A wajen zaɓen harshe na ɗauki Faransanci, daga baya na goge sunayen ranakun na sa Litinin, Talata, Laraba da hannuna. Na ba Juma'a kore, Alhamis kuma na sa mata ƴar alama saboda ita ce ranar babbar kasuwarmu, ranar da Kawu ke sayo yadi.

Inda na fi daɗewa shi ne kwanan wata biyu a gida ɗaya. Na buɗe salon rubutu guda biyu, babba ga lissafin Bature, ƙarami a kusurwa ga na Hijira, don in na sauya girman ɗaya ya sauya a duka shafuka 12. Wannan ya rage mini wahala ƙwarai. Sai dai shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, watanninta ba sa zama daidai da Janairu ko Fabrairu, don haka shafi ɗaya yakan ɗauki sunan wata biyu a samansa. Kuma mu da ganin wata muke aiki. Kawu ya dubi inda na rubuta 1 ga Ramadan ya ce, "Wa ya ba ka tabbacin wannan?" Gaskiya ya faɗa. Sai na sa tauraro a farkon kowane wata, a ƙasa na rubuta "in an ga wata".

Ranakun hutun ƙasa na Nijar ba su ba ni wuya ba: 24 ga Afrilu, 1 ga Mayu, 3 ga Agusta da 18 ga Disamba.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai da na sa samfurin haruffa mai suna Andika kafin suka fito da kyau.

Takardar A3 na yi amfani da ita, na bar rarar milimita 3 a gefuna don yanka, na mayar da launuka CMYK, wato tsarin launin da maɗaba'a ke aiki da shi, na fitar da PDF. Duk da haka maɗaba'ar da na fara kai wa ta rage girman shafin ba tare da ta tambaye ni ba, hoton ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya fito da farin layi a gefe. Abin ya yi mini zafi, don dare uku na kwana a kansa. A wuri na biyu na tsaya har aka buga gwaji ɗaya na gani da idona.

Scribus tana son haƙuri a makon farko, kuma a kwamfuta ake aiki da ita. Amma ga mai son kalandar makarantar Islamiyya, ko ta ƙungiya, ko ta shago, ina ba da shawararta da zuciya ɗaya. Ta Kawu tana rataye bisa keken ɗinkinsa, har ya soma rubuta ranakun karɓar ɗinkin salla a gidajen watan azumi.