Wasiƙa Daga Ohayo: Abin Da Jami'a Ke Nuna Wa Iyaye, Da Abin Da Sai An Tambaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni a waya abin da ya sa muke ta yawo daga wannan jami'a zuwa waccan alhali 'yar taka ba ta ma gama sakandare ba, na ce maka zancen ya fi ƙarfin waya. Shi ne na zauna na rubuto maka, tunda na san kai ma maganar karatun babban ɗanka ce a gabanka yanzu.

A nan Amurka, duk iyalin da ke da hali ba su cika tura yaro jami'a ba sai sun je sun ga wurin da idonsu. Tun yaro yana saura shekara guda ko fiye ya gama ake fara zagayen. Kowace jami'a tana da ofishi na musamman da ba shi da aiki sai tarbar baƙi irinmu. A intanet za ka zaɓi rana da lokaci, ba ka biyan ko sisi. Idan kun isa, a gaya muku inda za ku ajiye mota, a miƙa wa yarinya jaka mai ɗauke da taswira da takardun bayani da biro, wani wurin har da takardar cin abinci kyauta. Daga nan a zaunar da ku a babban zaure, jami'in ɗaukar ɗalibai ya yi bayani na kusan awa guda, sannan a raba ku rukuni-rukuni, kowane rukuni a haɗa shi da ɗalibi guda da zai zagaya da shi.

Waɗannan ɗalibai masu jagora abin kallo ne, Yaya. Wanda ya zagaya da mu a Jami'ar Jihar Ohayo, a nan Kolumbus inda muke zaune, da baya-baya yake tafiya, fuskarsa tana kallonmu, bakinsa bai huta ba. Tun farko ya roƙe mu cewa idan zai yi karo da turken fitila ko mai keke mu yi masa magana. Haka ya ratsa da mu tsakiyar filin ciyawar da suke alfahari da shi, ya shigar da mu babban laburarensu mai suna Thompson, inda a hawa na 11 akwai ɗakin karatu da ake hango gari ta tagoginsa. Jami'ar tun 1870 aka kafa ta, ɗalibanta a nan Kolumbus kaɗai sun kai kimanin 60,000. Gari ce guda.

Ina tafe ina tuna yadda mu muka shiga jami'a. An cike fom ɗin JAMB, an zaɓi makaranta saboda wani aminin Baba ya ce tana da kyau, ranar da na fara ganin ƙofarta ita ce ranar da na iso da akwati da bokiti. Har yau, in ban da ranar jarabawar tantancewa da iyaye ke jira a inuwar bishiya a waje, da wuya uba ya taka makarantar da zai ba wa ɗansa na shekara huɗu ko biyar kafin a ba da gurbi. Wannan abu yana damuna, domin ba abin nunawa muka rasa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 tana da Laburaren Kashim Ibrahim, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da asibitin koyarwa a Shika. Jami'ar Bayero tana da Gidan Mambayya. Yaro ɗan aji biyar na sakandare da za a zagaya da shi waɗannan wurare, wallahi da wani buri zai koma gida. Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne: a gida yara ne suka fi guraben yawa, jami'ar gwamnati ba ta neman kowa. A nan jami'o'i ne ke rububin ɗalibai da kuɗin iyayensu.

Kayan more rayuwa kam sai dai a ce masha Allah. Wuta da ruwa ba a ma zancensu. Katin shaidar ɗalibi shi ne mabuɗin ƙofar gini, shi ne kuɗin abinci, da shi ake hawa bas ɗin cikin gari ba a sake biya. Littafin da babu a laburarensu, akwai wani tsari da ya haɗa laburarorin jami'o'in jihar, OhioLINK, ɗalibi ya nema a kwamfuta a kawo masa daga wani gari cikin 'yan kwanaki. A gefen hanyoyi akwai turaka masu shuɗiyar fitila, mutum ya danna maɓalli ya yi magana da masu tsaro kai tsaye. Ɗakin cin abinci kuwa, da zarar an goga kati, ka ci iya cikinka. Babu wanda ya san yajin aikin malamai irin na 2022, da yaranmu suka yi wata takwas a gida. Shekarar da aka ce yaro zai gama, in bai faɗi ba kuma kuɗi bai yanke ba, ita ce.

To amma ga abin da na fi so ka ji. Wannan zagaye talla ne, kuma gwanaye ne suka tsara shi. Hanyar da za a bi da ku an zaɓe ta, ginin da za a shiga an zaɓe shi, labarin ban dariyar da ɗalibin zai bayar ma an ji shi an amince. Kuma yana aiki a kan mutane fiye da yadda kake zato. Na ga yadda ya yi aiki a cikin motarmu. Akwai makarantar da 'yar taka ta soke tun kafin mu fita daga ƙofarta, ba don komai ba sai don an wuni ana yayyafi, kuma wadda ta zagaya da mu ba ta da fara'a. Akwai wadda ta shiga ranta saboda wata ɗaliba mai hijabi ta wuce mu ta yi mana sallama. Babansu kuma filin wasa ne ya tafi da imaninsa, don na nan Kolumbus yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya gaya mana ko ana koyar da ilimin haɗa magunguna da kyau a wurin, wanda shi ne abin da ta ce tana so.

Su jami'o'in sun san haka sarai, shi ya sa kuɗi mai yawa ke tafiya ga abin da ido zai gani cikin awa biyu. Jami'ar Jihar Luwiziyana ta buɗe wani tafkin ninƙaya a 2017 mai ruwa yana gudana a hankali, an lanƙwasa shi ya ba da siffar haruffan sunan makarantar, an yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Wuraren motsa jiki a wasu makarantun sun fi ajujuwa kyau nesa ba kusa ba.

A wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta da muka je, an shigar da mu ɗakin kwana na nuni. Kamar ɗakin amarya ranar jere: gado a gyare, darduma a ƙasa, fure a taga, littattafai a jere ba ƙura. Babu mai kwana a cikinsa. Bayan an sallame mu, muka nemi wata yarinya 'yar ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ta yi mana kirki ta kai mu nata ɗakin. Su uku ne a ɗakin da aka gina don mutum biyu, babu na'urar sanyaya ɗaki sai fanka a taga, banɗaki kuma na kowa da kowa ne a ƙarshen baranda, ga ɗakunan maza a hawa ɗaya da nasu. Ba ƙazanta ba ce, mutum zai iya rayuwa a ciki. Amma ba shi aka nuna mana ba, kuma maganar maza da mata a hawa ɗaya ba ƙarama ba ce a wurinmu. Ita ce kuma ta gaya mana inda ake sallar Juma'a, da cewa naman halal sau nawa ake samu a mako, da yadda suke yi da sahur in azumi ya zo ana tsakiyar zango. Minti ashirin da muka yi da ita ya fi mana amfani a kan duk jawabin zauren. Daga ranar muka mayar da ziyararmu ranar Juma'a in da hali. Irin wannan ƙungiya, wadda aka fara a Jami'ar Ilinoyi a 1963, da wuya ka rasa reshenta a manyan makarantu, kuma yaran ba sa ƙyashin amsa tambaya. Nan Kolumbus dai mun yi sa'a, Somaliyawa suna da yawa ƙwarai, masallatai da shagunan halal ba sa wuya.

Abin da ya burge ni da ƙasar nan fiye da gine-ginen shi ne, abubuwan da ba za a faɗa maka a zagaye ba, doka ta tilasta a rubuta su inda kowa zai gani. A 1986 an kashe wata ɗaliba, Jeanne Clery, a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh da ke Pensilbeniya. Iyayenta suka tashi tsaye har aka yi doka da ke ɗauke da sunanta a 1990, wadda ta wajabta wa duk makarantar da ke cin gajiyar tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya ta fitar da rahoton laifukan da aka aikata a harabarta duk shekara. Tun 2011 kuma dole kowace ta sa wani ma'auni a shafinta, iyali su shigar da abin da suke samu a ƙiyasta musu abin da za su biya bayan an cire tallafi. Ma'aikatar ilimi tana da shafi mai suna College Scorecard da ke nuna yawan waɗanda ke kammalawa, da bashin da suke fita da shi, da albashin da suke samu daga baya. Na kuma gane cewa digirin shekara huɗu da shekara shida ake auna kammala shi, kuma a faɗin ƙasar kusan shida cikin goma ne ke gamawa a cikin wannan wa'adin. Ɗalibin da ke tafiya da baya-baya ba zai kawo wannan zance ba, ba kuma zai ce maka ajin farko na kimiyya yana iya ɗaukar ɗaruruwan yara, ko cewa ɗaliban digiri na biyu da na uku ne ke kula da ƙananan azuzuwa, sai in ka tambaya. In ka tambaya kuwa, suna faɗin gaskiya.

Sai kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan zancen. A jami'ar jihar nan, ɗan jiha yana biyan kimanin dala 13,000 a shekara kuɗin karatu kawai, wanda ya zo daga wata jiha kusan ninki uku. Ɗaki da abinci ma sun kai kuɗin karatun ɗan jiha ko su ɗara. Suna kuma wajabta wa ɗalibi kwana a makaranta shekara biyu na farko, sai wanda gidan iyayensa ke cikin mil 25, wanda mu Allah Ya taimake mu muna ciki. Manyan masu zaman kansu, in an haɗa komai, wasu sun haura dala 80,000 a shekara, kodayake da yawan iyalai ba sa biyan wannan farashi na kan takarda saboda rangwame da tallafi. Bashin karatu da Amurkawa ke ɗauke da shi ya wuce dala tiriliyan 1.6, kuma mai ruwa ne, abin da ni da babansu muka ƙudura ba za mu jefa yarinya ciki ba. Akwai kwalejojin shekara biyu, irin Columbus State, da kuɗinsu bai kai rabin na jami'ar ba, yaro ya yi darussan farko a can sannan ya koma jami'a da sakamakonsa. Babu filin ciyawa mai faɗi, babu ƙaton filin wasa, shi ya sa iyalai da yawa, har da namu 'yan Afirka, suke raina su. A ganina kuskure ne babba, domin takardar digirin ƙarshe iri ɗaya ce.

Yanzu ga naka ɓangaren. Hotunan da ka turo mini, waɗanda ejan ya ba ku na makarantun Masar da Arewacin Sayifrus, ɗakin nuni ne, Yaya, sai dai ku ko ƙofarsa ba ku taka ba. Ba na ce makarantun ba su da kyau ba. Amma ka tuna a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni, kuma har yaran da suka yi karatun gaskiya abin ya shafa. Kafin ka biya ko kwabo, ka nemi yaron gida da ke karatu a can, wanda ba ejan ne ya haɗa ku ba. Ya kira ku ta bidiyo ya nuna muku ɗakinsa, da banɗaki, da ɗakin gwaje-gwaje a lokacin da ake aiki a ciki, ya gaya muku abin da yake kashewa a wata da kuma harshen da ake koyarwa da shi a asibiti. Tunda likitanci yaron yake so, ka tabbatar hukumar likitoci ta Najeriya ta san da makarantar. Masu zaman kansu na gida da ke cikin lissafinka kuwa, a Kano ne ko Abuja, ka ɗauke shi a mota ku je ranar aiki ba tare da sanarwa ba, ku zauna inda ɗalibai ke cin abinci, ka bar shi ya yi hira da su kai kana gefe.

Mu nan za a tura takardun neman gurbi da kaka, amsoshi da bayanin tallafi su iso kafin ƙarshen Maris, sannan ranar 1 ga Mayu ce wa'adin da yawancin makarantu ke bayarwa a faɗi wadda aka zaɓa. Ka turo mini cikakkun sunayen makarantun nan uku da garuruwansu, akwai wata maƙwabciyata 'yar Iskandariya da ƙaninta ke koyarwa a can, zan roƙe ta ta bincika mana. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata 'yar tata na neman addu'a.

Ƙanwarka.