Gargaɗi ga masu harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi: buɗe kwalinka ranar da ya iso

Duk mai harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba ya san halinmu: hannu bai gama jirgi ɗaya ba, ido ya riga ya sayi uku. Mutum ya tsara wa kansa aikin shekara, Spitfire a watan farko, Bf 109 a bayansa, F-16 can ƙarshen shekara, ya yi odar kwalayen gaba ɗaya ya jibge a kan kanta. To, a wannan jibgewar 'yan damfara ke samun na abinci. Sun san kwalin da suka turo ba za ka buɗe shi ba sai bayan wata bakwai ko takwas, lokacin da wa'adin kai ƙara ya wuce. A PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, alal misali, kwana 180 ne iyaka daga ranar da ka biya, kuma ƙorafin cewa kayan ba su ne aka tallata ba wa'adinsa kan gaza haka.

Wadda ta fi cin mutane ita ce damfarar kwalin da aka sake naɗewa. Mai sayarwa ya rubuta "sabo fil, ba a taɓa buɗewa ba", ga kwali a cikin leda yana ƙyalli. Ledar waje ba shaida ba ce. Duk mai injin naɗe kaya zai iya sa ta, kuma ba kowane kamfani ke naɗe kwalinsa daga masana'anta ba. Abin dubawa yana ciki. Sassan jirgin suna zuwa ne maƙale a jikin firam na roba, kowane firam da harafinsa, A, B, C, kowane sashe da lambarsa, kuma takardar umarni galibi tana ɗauke da taswirarsu. Shimfiɗa su a tebur ka bi taswirar ɗaya bayan ɗaya. Abubuwa uku aka fi zarewa, don su ne ke sayuwa su kaɗai: firam ɗin da ke ɗauke da gilashin ɗakin matuƙi, takardar tamburan da ake mannawa a jikin jirgi, da firam ɗin makamai. Jirgi ba gilashin matuƙi kuwa, ko ka yi masa fenti na gani na faɗa, ba ya zama jirgi.

Ka kuma kalli bakin da sashen ya rabu da firam. Idan an yanke da almakashin sana'a za ka ga yankan sumul, wani lokaci da ɗan fari-fari inda robar ta ji matsi. Wannan hannun mutum ne. Idan kuwa sashen yana nan amma ƙarshensa ya dunƙule kamar kyandir da ya narke, laifin masana'anta ne, robar ba ta cika mazubi ba, kuma manyan kamfanoni da dama suna maye gurbin irin wannan. Kada a haɗa su, kada a ɗora wa mai gaskiya sata.

Akwai musanya mai wayo da ake yi da kayan Eduard, kamfanin ƙasar Cek. Jirgi guda sukan fitar da shi a kwalin ProfiPACK, wanda ke zuwa da siririn farantin ƙarfe na bel ɗin kujera da allon agogunan matuƙi, da takardar rufe gilashi lokacin fenti, su kuma fitar da shi a kwalin Weekend mai sauƙin kuɗi wanda galibi babu waɗannan. Robar iri ɗaya ce. Maha'inci sai ya kwashe ƙarin, ya sayar maka da kwalin mai tsada da cikin mai araha. Wani kuma tsohon zubi zai tallata a matsayin sabo, don kawai zanen kwalin sabo ne. Kamfanoni kan sake wa tsohon zubi kwali, wannan ba laifi ba ne, ƙaryar mai tallan ce laifi. Shafin Scalemates yana nuna tarihin kowane kwali da shekarar da aka fara zuba shi. A jikin robar ma ana ganewa: layukan jikin tsofaffin jirage yawanci a tashe suke, na zamani a tsage suke ciki.

Sai jabun kayan rezin, wato ƙarin sassa irin su kujera, tayoyi da injin, da ake zubawa da wani ruwan haɗi mai daskarewa. Mai jabu yakan sayi na gaske guda ɗaya, ya yi masa mazubin silikon, ya riƙa zuba kwafi. Kwafi ba ya taɓa kai uwarsa. Yana ɗan tsukewa, shi ya sa kujerar ke lilo a ɗakin matuƙi, hancin jirgin kuma ya bar tazarar da sai an cike. Kusoshi da wayoyi sukan dushe kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Ɗaga sashen ka haska fitila ta bayansa, za ka ga ƙananan kumfa a bakin gefuna. Sau da yawa akwai layin haɗi biyu, na asalin da na kwafin. Mafi muni shi ne wanda ba a auna haɗin ruwansa daidai ba: yana danƙo, yana wari, yana tsattsafo mai har bayan fenti, kuma ba wankin da ke gyara shi. A tuna dai, ko rezin na gaske gam ɗin roba ba ya kama shi sai irin su sufagulu, kuma a jiƙe ake goge shi saboda ƙurarsa.

Tambura ma ana buga na jabu da injin gida. Irin wannan injin ba ya buga fari, don haka farin da ke cikin tauraron jirgin Amurka sai ya fito launin fentin da ke ƙarƙashinsa. Gwaji mai sauƙi: yanko tambari ɗaya da ba za ka yi amfani da shi ba, ka tsoma a ruwa mai ɗumi. In tawadar ta zube, jabu ne. In ya farfashe, tsufa ne.

Kwalayen da aka daina yi su ne babban tarko. Tun da Wingnut Wings na ƙasar New Zealand, masu jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya a ma'aunin 1/32 (wato kashi ɗaya cikin 32 na tsawon jirgin gaske), suka rufe a 2020, kayansu suka yi tsada a hannun masu sake sayarwa. Ka rubuta a intanet kana neman ɗaya, nan da nan wani zai biyo ka ta saƙon sirri: "abokina yana da shi", ko "na mahaifina ne da ya rasu". Ce masa ya ɗauki hoton kwalin a buɗe, firam-firam a waje, da takarda a gefe mai sunansa da kwanan watan yau da rubutun hannu. Sannan ka sa hoton tallan a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga ko na wani ne aka ɗauko. Mai kaya na gaske minti biyar ya ishe shi. Wanda ya fara cewa kayan na wani gari, ko akwai mai jira da kuɗi a hannu, ka ƙyale shi.

Shagunan bogi da ke talla a Facebook da sunan "muna rufe shago, farashin komai ya karye" ba sa buƙatar dogon bayani. Binciki ranar da aka yi wa adireshin shafin rajista, sau da yawa makonni ne. Sukan turo wani tarkace don lambar bin saƙo ta nuna an kai kaya, ko su turo jirgin a ƙaramin ma'auni. Faɗin fikafikan Spitfire mita 11.23 ne, don haka a 1/48 kusan santimita 23 zai yi, a 1/72 kusan 15.6, a 1/144 bai kai 8 ba. Sa rula.

Wajen biya, kada ka yarda da hanyar PayPal ta tura wa dangi da abokai ko da an ce za a rage maka, domin ba ta da kariyar mai saye. Bi hanyar biyan kaya ko katin banki. In kunshin ya iso, kunna bidiyo tun kafin ka yanka selotef, lambar saƙon ta fito a hoton, ka ƙirga firam-firam a gaban kyamara ba tare da ka katse ba. Kada ka yanke ko sashe ɗaya, kada ka yar da kwalin waje, sai ƙirgen ya yi daidai da taswira.