Ajin yoga na mata a unguwar Ali Dan Sofo ta Maradi: bayana ya yi sauƙi, amma bidiyon nan ya ɓata mini rai

Duk wadda ta daɗe a kan keken ɗinki ta san ciwon da yake kama ƙugu ya hau har wuya, balle lokacin ɗinkin Sallah. Shi ya kai ni ajin yoga da wata malama take yi wa mata a tsakar gidanta bayan asuba, kafin rana ta buɗe. Jikka biyar a wata, kowa ta zo da tabarmarta.

Na san abin daga Indiya ya fito, don haka tun zuwan farko na tambaye ta batun motsin nan na gaida rana. Ta ce ita ma musulma ce, ba ta koyar da shi, miƙa jiki da sarrafa numfashi kawai muke yi. Hankalina ya kwanta.

Wallahi matar nan ta iya aikinta. Kallon zamana kawai ta yi, ta ɗora tafin hannu tsakanin kafaɗuna ta ce, "Yaya, kujerar ɗinkinki ta yi ƙasa, ki ɗaga ta." Ta sa ni durƙuso kan gwiwa da hannuwa, in ja numfashi in saki ciki ƙasa, in fitar in gantsare baya sama, sannu a hankali. Yanzu ina ruku'u ba tare da dafa bango ba, barci ma ya dawo. Ita kanta ta ce ciwon baya bayan haihuwa ne ya sa ta koya a Yamai, yau da shi take ciyar da 'ya'yanta. Har kwastomomina na dinga turawa wajenta.

Sai ga 21 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yoga tun 2014. Ta ce mu zo da fararen kaya. Muna tsakiyar motsi na ga ƙanwarta tana zagayawa da salula, na ɗauka hira take yi. Kafin azahar matar wan mijina ta kira ni: "Ke, ba ke ce na gani a WhatsApp ba, kin ɗaga ƙugu sama, ɗankwali ya zame?" Jikina ya yi sanyi. Ni matar aure, da surukai a gari! Maradi ce fa, kafin magariba har maƙwabciyata a unguwar Zariya ta gani.

Na kira malamar, ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, talla ce kawai." Ta goge, amma wa ya san salula nawa ta riga ta shiga? Wadda ta ce mana wurin na mata ne zalla, ta kulle ƙofa da kanta kullum, ita ce ta nuna mu ga duniya ba ta tambayi kowa ba. Tun da abin ya faru nake tuna sauran: yadda take sauya lokaci sai ka hau kabu-kabu ka iso ka tarar ba aji, da yadda ta cusa mata har ƙafar wata tana taɓa kan wata.

Na riga na biya kuɗin wannan wata, zan ƙarasa, motsin kuma ina yi a ɗakina. Ɗiyata da na yi niyyar kaiwa kam ba za ta taka gidan ba sai an hana shiga da salula.