Shagon tsoffin zane-zanen Turai a Balad ta Jidda

A lungunan Balad, tsohon garin Jidda, akwai wani ƙaramin shago da ke sayar da tsoffin zane-zanen Turai yana kuma sa musu firem, kuma ya cancanci Hausawanmu na Jidda da Makka masu sha'awar tarihi su leƙa shi. Mafi kyawun kayansa su ne hotunan fuskokin mutane na ƙarshen ƙarni na 18, waɗanda ake sassaƙa su da ƙarfe mai tsini a kan farantin jan ƙarfe, a cusa tawada cikin layukan, sannan a danne takarda a kai.

Salon ya bunƙasa ne bayan an fara tono tsoffin garuruwan Rumawa na Italiya da aman dutse ya binne, wato Herkulaniyum a 1738 da Pompei a 1748, lokacin da masu zane suka koma koyi da aikin Rumawa da Girkawan dā. Shi ya sa za ka tarar da fuska ta gefe cikin da'ira, kamar kan sarki a jikin tsabar kuɗin Rumawa, babu labule babu kayan alatu a bayanta. Inuwa ma da layuka jere ake fitar da ita, wasu na gitta wasu bisa tsari da awo, kuma a ganina wannan tsari shi ne tunanin masanan wancan zamani, waɗanda suka ɗora hankali da hujja sama da gado da sarauta. Hoton Benjamin Franklin, masani kuma ɗan siyasar Amurka, na 1777, wanda Faransawa biyu suka yi, Cochin ya zana, Saint-Aubin ya sassaƙa, ya nuna shi da hular gashin dabba da tabarau, ba tare da gashin aro na fadawa ba. Faranti ɗaya kuwa yana fitar da kwafi masu yawa, don haka fuskar masani ta shiga gidan mai ƙaramin ƙarfi.

Mai shagon ya san kayansa, aikin firem ɗinsa kuma mai tsafta ne, abin da ke da muhimmanci a garin da danshin teku ke cin takarda. Inda ya gaza shi ne yana haɗa sababbin kwafin inji da tsoffin bugu ba tare da rubuta bambanci ba, saboda haka mai saye ya duba shaidar gefen faranti da ke lotsawa a takarda, wadda ake samu a bugun faranti, kafin ya yi ciniki. Wanda ba ya rataye hoton mutum a ɗakinsa zai sami zanen gine-gine da taswirori a irin wannan aiki.